Ranar da Babaji Ya Wanke Kwamfuta da Fetur

Ku matso kusa ku gyara zama, ga wata nan ta zo muku, kuma ba daga nesa ta taso ba, daga nan Ƙofar Sauri ce.

Akwai wani mai gyaran janareto da ake kira Babaji. Hannunsa na da kyau a kan janareto, wannan babu mai musu. Bakinsa ne ya fi hannun gudu. In ya gyara ɗan injin mai aski da safe, kafin la'asar labarin ya koma shi ne ya tayar da injin wani babban otal a Abuja bayan Turawa uku sun kasa. Shi ya raɗa wa kansa suna Injiniya, kuma duk wanda ya kira shi Babaji tsura sai ya yi kamar iska ce ta wuce.

Da mutane suka fara ɗora faifan sola a kan rufi, masu kawo janareto suka ragu, sai Babaji ya yi shawara da zuciyarsa ya yanke cewa gyaran kwamfuta zai koma. Ya fara faɗa wa Habibu mai faci, maƙwabcinsa a bakin titi.

"Habibu, inji ai inji ne. Yana shan wuta, yana da fanka, yana ɗaukar zafi. Mi ya rage? Kwamfuta janareto ce da ta yi boko."

Habibu ya ce, "To ka taɓa buɗe ta?"

"Likita sai ya taɓa buɗe ka kafin ya san kana da hanji? Guda ɗaya nake jira in gyara a gaban jama'a. Daga nan ofisoshi za su riƙa aiko mota."

Guda ɗayar kuwa ba ta daɗe ba ta samu. Ƙanwar matarsa, Baraka, tana da shagon buga takardu a tsallaken titin, da kwamfuta ɗaya ta tebur da firinta. Wata ranar Juma'a da hantsi Babaji ya leƙa ya same ta ta yi tagumi. A gabanta akwai littafin sunayen mata talatin da bakwai na wata Islamiyya a Kambarawa, waɗanda za a yi walimar saukarsu gobe Asabar da safe, kuma ita aka ba aikin buga musu takardun shahada. A cikin matan har da Inna Asabe, mahaifiyar Baraka da Dije matar Babaji. Tsohuwar nan shekara tara ta yi tana zuwa ajin matan aure da sandarta, harafi bayan harafi, har Allah ya kai ta. Ta riga ta sa an buga ƙusa a bangon ɗakinta inda za ta rataye takardar.

Kwamfutar kuwa ta ƙi. Baraka za ta buga suna biyar ko shida, sai allon ya rikiɗe ya yi shuɗi kamar an tsoma shi a karofi, ya jero wasu fararen rubuce-rubuce, sannan ta mutu ta sake tashi da kanta, abin da aka buga ya tafi.

Babaji ya tarar tana waya da Sadiq, wanda ya saba gyara mata, shi kuma yana Funtuwa sai Litinin zai dawo. Ta buɗe muryar wayar, suna ji yana cewa, "Wannan alamar ram ce. Wasu 'yan sanduna ne koraye guda biyu a cikin akwatin. Kamar faifai suke, a kansu kwamfuta ke baza aikin da ke hannunta. In ɗaya ya huje, aikin sai ya zube. Abin da za ki yi shi ne..."

Babaji ya karɓe wayar. "Yaro, na gane. Gai da mutanen Funtuwa." Ya kashe.

Baraka ta ce, "Yaya Babaji! Bai gama ba!"

"Injiniya dai. Abin da zai faɗa, ni na sani tun yana goye."

Ta sake kiran Sadiq, layi ya ƙi shiga. Ta dubi agogo, ta dubi littafin, ta dubi mijin yayarta. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake.

"In ka kashe mani ita, Yaya Dije zan kai wa ƙara, ka kwana uku kana cin garin kwaki."

"In na tayar da ita fa?"

"Sai in kira ka Injiniya sau ɗaya. A hankali, yadda ba mai ji."

Babaji ya zaro sukudireba, ya ɗora bakinta a jikin akwatin, ya kara ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido. Haka yake sauraron janareto.

"Numfashinta ba ya fita. Ƙura ta toshe mata hanci."

Ya kwance murfin, ya rungumi akwatin ya tsallaka titi zuwa wurin Habibu. Ya ce a ba shi tiyon da ake ba tayar tirela iska. Habibu ya ce ko a rage ƙarfin. Babaji ya ce ciwon da ya daɗe ba a yi masa allurar yara.

Ya danna. Ƙurar shekara shida ta tashi lokaci ɗaya, 'yar fankar ciki ta yi wani fito kamar usur, kyankyasai huɗu suka fito kowanne ya kama gabansa. Daidai lokacin Alhaji Lado mai shagon atamfa ya zo wucewa cikin farar shadda mai sitaci, ya yi shirin masallaci tun da wuri. Ya shiga ƙurar fari, ya fito ruwan toka.

"Innalillahi! Wane ne wannan?"

Babaji ya ce, "Afuwa, Alhaji, aiki ne na kimiyya."

"Kimiyyar gidanku! Kai, Babaji, ba kai ne ka gyara mani janareto ya koma cin mai kamar raƙumi ba?"

"Wancan tsohon zance ne, Alhaji. Yanzu na bar ƙananan injuna."

Alhaji Lado ya juya gida canza kaya yana faɗin abubuwan da ba a maimaitawa ranar Juma'a.

Aka mayar da akwatin, aka kunna, ta tashi. Baraka ta fara bugawa. Babaji ya tsaya a bakin ƙofa yana karkaɗe hannu, duk wanda ya wuce sai ya ce masa, "An gama." Ya faɗa wa mutum na bakwai ke nan sai Baraka ta kira shi.

"Yaya, zo ka ga an gama."

Allon ya koma shuɗi.

Babaji ya leƙa allon. Sannan ya ce, "Madalla. Da ma so nake ta nuna ainihin ciwon. Ina sandunan da yaron nan ya ce?"

Ya leƙa, ya gan su a tsaye a jere, koraye, kowanne da ƙananan haƙora masu ruwan zinariya a gindi. Ya yi ta ja suka ƙi fita, har Baraka ta nuna masa 'yan maƙallan da ke gefe. Ya ɗaga su sama a haske, ya yi murmushi.

"Fulogi ne. Fulogi ne kawai aka baje shi. Kin ga bakinsu ya yi dauɗa? Kawo mani roba."

"Mi za ka yi?"

"Abin da ake yi wa fulogi."

Ya tsiyayo fetur daga tankin babur ɗinsa, ya zaro tsohon buroshin haƙori daga aljihu, ya zauna a bakin shagon ya wanke sandunan tas, ciki da bai, yana 'yar waƙa. Baraka ta riƙe kai da hannu biyu. Mutane suka fara taruwa. Wani ya ce ko za a sa mata baƙin mai ma. Babaji ya ce wannan sai ta yi kilomita dubu.

Saura a shanya su. A gefen shagon akwai Tani mai waina, wadda ranar Juma'a tandarta ba ta hutawa. Babaji ya nufi murhunta da sandunan suna ɗigar fetur, wai ɗumi ya busar da su da sauri. Tani ta daka masa tsawa da ludayi a hannu.

"Kai! Fetur kusa da wuta? So kake ka tashi unguwa?"

"Ke Tani, ba ki san darajar abin nan ba. Daga Japan aka kawo shi."

"To ka kai shi Japan ya bushe."

Ya ja da baya, ya jera su a ƙarshen bencin da masu cin waina ke zama, inda rana ke bugawa. Aka kira salla, ya tafi masallaci.

Da ya dawo, sanda ɗaya ce a kan benci. Ya duba ƙasa, ya duba kwata, ya ɗaga benci. Babu. Ya saci kallon shagon, ya ga Baraka ta idar da sallarta tana naɗe darduma. Sai ya ƙudurta a ransa ba zai faɗa ba. Ya shiga da sauri, ya tura ɗayar a gurbinta, ya rufe murfi.

Baraka ta ce, "Ba biyu ba ne?"

"Ɗayan sifiya ne, kamar tayar bayan mota. Kunna."

Ya ja da baya kusa da ƙofa, don in abin ya ɓaci hanya ta zama kusa.

Ikon Allah, kwamfuta ta tashi. Baraka ta buga suna biyar, lafiya. Ta buga goma, lafiya. Ta kai ashirin allon bai ko ƙifta ba. Ashe sandar da ta ɓata ita ce mai ciwon, amma ba wanda ya san haka, kuma wanda ya fi kowa rashin sani shi ne wanda ya yi aikin.

Babaji ya koma rumfar Habibu, inda 'yan acaɓa da masu jiran faci suka cika benci, ya buɗe baki. Ya ce tun da ya kara kunne ya ji ciwon. Ya ce sirrin fetur ɗin nan ko a Japan ba kowa ya sani ba. Ya ce daga Litinin sai da layi.

Habibu yana goge tayar da ke hannunsa bai ɗago ba. "Injiniya, ni dai biyu na ga ka wanke. Baraka ta ce ɗaya ka mayar."

"Sifiya ne."

"Af. Ni na ɗauka kai ne kake cewa makanikin da ya haɗa inji ƙusa ta rage a ƙasa ba makaniki ba ne, ɓarawon ƙarfe ne. Da bakinka ka faɗa wa Lawal mai gyaran famfo, a nan wurin, har ya kusa kuka."

'Yan acaɓa suka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Rabin aiki, rabin Injiniya. Sai mu riƙa cewa Inji."

Wannan ta soki Babaji har ƙashi. Ya miƙe ya ce shi a tarihinsa bai taɓa barin ko ƙusa ɗaya a waje ba, kuma yau ba za a fara ba. Ya koma neman sandar, yana bin kwata a sunkuye, har ya iso gaban Tani. Yana ɗagowa ya ga abin da ke hannunta. Tana kankare gurbin tanda da shi, tana juya waina, koren abu mai haƙoran zinariya yana ta ƙyallin man gyaɗa.

"Tani! Kin san mi ke hannunki?"

"Makankari. Wani ya yar a benci. Wallahi tun da nake suya ban taɓa samun mai shiga lungu irinsa ba."

"Ƙwaƙwalwar kwamfuta ce!"

"To ta ƙaru, yau ta koyi waina."

"Ba ni abina."

"Sai na kwashe wannan zubin. Mutane na jira."

Haka Injiniya ya tsaya da hannu a miƙe har aka kwashe waina goma sha biyu. Ya karɓa, ya goge a gefen rigarsa, ya yi wa 'yan rumfa hannu su biyo shi su ga yadda ake kammala aiki.

A shagon kuwa an cika. Malam Mahmud, shugaban Islamiyyar, ya zo bayan la'asar da wasu daga cikin matan don kowacce ta tabbatar an rubuta sunanta daidai. Suna zaune a tabarma cikin hijabai, wasu a ciki wasu a bakin ƙofa. Baraka ta buga suna talatin da shida, saura ɗaya, ta shiga ƙuryar shago ɗauko takardu masu kauri da za a buga a kai. Murna ta sa ba ta adana aikin ba.

Babaji ya shigo da rundunarsa, ya gai da Malam Mahmud sama-sama, ya ɗaga sandar.

"Jama'a, abin da kuka gani ɗazu da ƙafa ɗaya take tafiya. Yanzu zan sa mata ta biyu. Malam, matsa kaɗan, kada gudun ya ɗebe ka."

Malam Mahmud ya ce, "Malam Babaji, ai tana aiki. Da an bar..."

Babaji ya riga ya kama wayar wuta ya fizge daga bango, yadda ake yi wa janareton da ya ƙi mutuwa. Allo ya yi baƙi. Daga ƙurya aka ji faɗuwar takardu da salatin Baraka.

Ya buɗe, ya danna sandar ta shiga da santsi, ya rufe, ya mayar da waya, ya latsa da babban yatsa yana kallon jama'a.

Kwamfuta ta ce ƙiii, ƙiii, ƙiii. Allon ko shuɗin ma bai samu ba. Fanka ta juya, sai wani ƙamshi ya fara fitowa ta bayan akwatin ya cika shagon.

Wata daga cikin matan ta shaƙa ta ce, "Wa ke suya?"

Habibu ya ce, "Injiniya, a kawo yaji ko miya?"

Aka fashe da dariya har waje. Babaji ya kashe ya kunna. Ƙiii, ƙiii, ƙiii. Ya buga gefen akwatin da tafin hannu. Ƙiii. Ya fara bayani cewa haka sabon inji ke yi kafin ya saba, sai wata murya ta fito daga ƙarshen tabarma, a hankali, ba gaggawa.

"Baraka."

Babaji ya san muryar. Ya waiga, ya ga sandar dogarawa a jingine da bango, ya ga mai ita. Nan take ya durƙusa, hula a hannu, ido a ƙasa.

"Inna, ina wuni. Ban lura ba. An wuni lafiya?"

Inna Asabe ba ta dube shi ba. Dije ce 'yarta ta fari, kuma tun da aka ɗaura auren nan shekara goma sha takwas ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba, ba ta kuma taɓa kama sunansa ba.

"Baraka, tambayi mutumen gidan yayarki. Ɗazu da abin nan ba ya ciki, tana aiki?"

Baraka, ido jawur, ta ce, "Yaya, Inna ta ce tana aiki?"

"Tana yi, Inna. Amma a ƙa'idar aiki..."

"Ce masa, yanzu da ya sa, tana aiki?"

"Ba ta yi, Inna."

"To ce masa ni ban yi boko ba, amma in na tsinci tsakuwa a wake na yar, ba na bin ta bola in mayar don mudu ya cika. Ya cire."

Babaji ya ja gwiwa zuwa akwatin, don ba ya iya miƙewa a gabanta. Ya buɗe ya leƙa. Sanduna biyu, tsawo ɗaya, launi ɗaya, ga hannunsa ya shafa wa dukansu mai. Ya zaro su duka, ya juya wannan, ya juya waccan.

Baraka ta ce, "Wacce ce?"

A gaban Malam Mahmud da matan Islamiyya da 'yan acaɓa da surukarsa, Injiniya ya kai sanda hanci ya shinshina, ya kai ɗayar ya shinshina. Hancin ya riga ya cika da fetur. Dole aka aika a kira Tani. Ta zo tana goge hannu a zane, ta dube su sau ɗaya.

"Ga tawa nan. Kun ga inda haƙorin ya cinye." Ta karɓe ta soke a ɗankwali. "Ai kun gama da ita ko?"

Baraka ta goge ɗayar da tsumma mai tsabta, ta mayar da hannunta, ta kunna. Kwamfuta ta tashi lafiya lau kamar ba ita ba. Matan suka yi hamdala. Baraka ta buɗe wurin aikin, ta yi shiru. Sunaye talatin da shida, ko ɗaya babu.

Inna Asabe ta ce, "Ce masa tun da shi ya zubar, shi zai kwashe. Ya riƙe littafin ya karanto maki."

Haka aka yi. Babaji a durƙushe, littafi a hannu, yana karanto suna ɗaya bayan ɗaya, Baraka tana bugawa, kowane suna biyar sai ta adana ta ce da ƙarfi, "Na adana, Yaya, ko za ka fizge?" Mai suna in ta ji nata sai ta ce na'am, wata ta gyara masa sunan mahaifinta. 'Yan rumfa ba wanda ya tafi. Firinta ta fara fitar da takardu masu ɗumi.

Ya karanta na talatin da biyar. Ya karanta na talatin da shida. Ya kai yatsa kan na ƙarshe, sai bakin ya tsaya. Mutumin da bai taɓa rasa abin faɗa ba ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa. Sunan surukarsa ne, kuma da ya kama shi a gabanta gara ƙasa ta tsage.

Baraka ta ɗora yatsu a kan madannai. "Ina ji, Yaya."

"Na ƙarshen... ai kin sani."

"Ni abin da aka karanto nake bugawa."

"Ita ce dai."

"In rubuta Ita Ce Dai? 'Yar wa?"

Shago ya ɗauki dariya, har Malam Mahmud ya rufe baki da gefen rawani. Babaji ya dubi Habibu neman agaji, Habibu ya dubi silin.

Inna Asabe ta bari sai da dariyar ta lafa. Sannan ta jawo sandarta, ta miƙe a hankali, ta tako har gaban allon.

"Ƙyale shi, ya ji jiki. Asabe sunan rana ne, kada ki sa shi. Rubuta Halimatus Sa'adiyya Aliyu. Ki sa manyan baƙaƙe, idona ba shi da ƙarfi, kuma ni zan karanta abina."

Firinta ta ja takarda ta miƙo. Tsohuwa ta karɓa da hannu biyu, ta matsa bakin ƙofa inda haske yake, tana bin rubutun Larabcin da ke sama da yatsa. Kowa ya yi tsit yana saurare. A cikin wannan shirun ne Babaji ya rarrafa ta bayan matan, ya fice, ya bar takalminsa ƙafa ɗaya a bakin shago, kuma bai aiko a ɗauko ba sai bayan walima.

Nan ta ƙare, kan kusu ya shige rami. Wanda bai yarda ba ya je wurin Tani ranar Juma'a ya ci waina.